"An gwada a kan ɓera": abin da gwajin maganin raunin dasashi yake nunawa da abin da ba ya nunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu tallan maganin haƙori da dasashi a nan Legas. A cikin motar haya tsakanin Agege da Oshodi, a bakin masallaci a Idi-Araba, a kasuwar Mile 12, har ma a saƙonnin WhatsApp, za ka ji mai talla ya ce, "Wannan an gwada shi a ɗakin bincike, ya warkar da raunin dasashi a jikin dabbobi." Ba kullum ƙarya yake yi ba, domin akwai irin wannan bincike da yawa a duniya, har da jami'o'inmu. Matsalar ita ce ana ɗora wa gwajin nauyin da ya fi ƙarfinsa. Idan mai karatu ya san yadda ake yin sa da inda yake lalacewa, zai iya auna maganar da kansa kafin ya zuba wani abu a bakinsa ko a bakin ɗansa.

Sai an fara sanin yadda dasashi yake warkewa ko ba a sa masa komai ba. Da zarar an yanke shi, jini yakan daskare cikin 'yan mintuna ya toshe wurin. Daga ranar farko zuwa ta uku lokacin kumburi ne: fararen ƙwayoyin jini suna taruwa suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Daga wajen rana ta uku sabon jan nama mai ƙananan hanyoyin jini yakan fara cike ramin, wasu ƙwayoyin halitta suna saƙa zaren nama da ake kira kolajin, siririyar fatar sama kuma tana rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya. Bayan ta rufe, zaren yakan ci gaba da gyaruwa yana ƙara ƙarfi har makonni ko watanni. Saboda haka duk maganin shafawa hanya uku kawai gare shi ta taimako: ya rage ƙwayoyin cuta, ya hana kumburi wuce kima, ko ya ƙarfafa saƙar sabon nama. A lura cewa kumburi ba abokin gaba ba ne. Maganin da ya kashe shi gaba ɗaya yakan jinkirta warkewa, ko da mai ciwon ya ji sauƙi.

Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa: raunin cikin baki ya fi na fatar jiki saurin warkewa, kuma ba ya cika barin tabo. Wurin a jiƙe yake, jini yana isa gare shi sosai, miyau kuma yana ɗauke da sinadaran da ke taimakawa. Ko ruwa zalla aka shafa wa ɓera mai lafiya, rauninsa zai rufe. Tambayar bincike ba ita ce "ya warke?" ba. Tambayar ita ce, "ya riga wanda ba a sa wa maganin ba warkewa, da kwana nawa, kuma naman da ya fito ya fi ƙarfi?"

Dabbar da aka fi amfani da ita farin ɓera ne, musamman irin Wistar, wanda aka fara kiwonsa a wata cibiyar bincike a Filadelfiya ta Amurka a 1906. Akan zaɓi masu nauyin giram 200 zuwa 250, waɗanda kusan sa'annin juna ne, a bar su mako guda su saba da wurin kafin a taɓa su. Ɗakin yana buƙatar zafi tsakanin digiri 20 da 24, da haske na awa 12 da duhu na awa 12. Wannan kaɗai babban aiki ne a Legas, inda zafin rana yakan haura digiri 30 ga laima a iska. Idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya kwana biyu a tsakiyar gwaji, ɓerayen sukan rage cin abinci, jikinsu ya takura, warkewa ta canja, kuma babu wanda zai iya rarrabe aikin magani da aikin zafi.

Haƙoran ɓera 16 ne: 4 na gaba da 12 na tauna, ba shi da fiƙa. Dasashinsa kuwa ƙanƙane ne ƙwarai, don haka yawancin masu bincike a ganɗa suke yin raunin, domin namanta mai tauri ne, manne da ƙashi, kamar dasashi. Wasu kuma sukan yi shi a dasashin da ke ƙasan haƙoran gaba, ko su yi amfani da zomo. Akan sumar da dabbar da allurar ketamin haɗe da zailazin a cikin ciki, kimanin miligiram 80 na ketamin da 5 zuwa 10 na zailazin ga kowane kilo na nauyi. Sai a buɗe bakin, a ɗauki wani ƙarfe mai baki zagaye kamar bututu mai kaifi, mai faɗin milimita 3, 4 ko 5, a yanke naman har zuwa ƙashi, a ɗauke shi. A tsakiyar ganɗa ake yankan, domin a gefe akwai babbar jijiyar jini. Wanda ya kauce ya same ta, jini zai ɓalle, dabbar ta shaƙe ko ta mutu. Maganin sumar yana sa jikin ɓera ya yi sanyi, saboda haka dole a ɗumama shi har ya farfaɗo, a ba shi maganin rage zafi da abinci mai laushi. A nan ma akwai tarko: wasu magungunan rage zafi su ma suna rage kumburi, to idan an ba wani rukuni ba a ba wani ba, an riga an ɓata sakamakon.

Lissafin faɗin raunin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Rami mai faɗin milimita 3 filinsa kusan murabba'in milimita 7 ne. Mai milimita 4 ya kai 12.6, mai milimita 5 kuma 19.6. Wato ƙarin milimita ɗaya tak yana ƙara filin raunin da fiye da rabi. Hannun da ya ɗan karkace, ko ƙarfen da ya dakushe ya yage gefe, ya isa ya haifar da bambancin da daga baya za a ce aikin magani ne. Shi ya sa ake son mutum ɗaya ya yi dukkan yankan, a ɗauki hoton kowane rauni tun ranar farko da ma'auni a gefensa.

Inda ake gane gwaji mai kyau shi ne rabon rukuni. Aƙalla huɗu ake buƙata, kuma da ƙuri'a ake raba dabbobin, ba da zaɓen ido ba. Na farko ba a sa masa komai. Na biyu ana shafa masa abin da aka kwaɓa maganin da shi kawai, wato jel ko man da babu maganin a ciki. Na uku ana sa masa maganin da aka riga aka sani. Na huɗu shi ne mai sabon maganin. Rukuni na biyu shi ne aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke tona asiri. Jel kansa yana rufe rauni, yana kare shi daga gogar abinci da harshe, don haka yana iya gaggauta warkewa ba tare da wani ganye a cikinsa ba. Duk binciken da ya kwatanta "jel mai ganye" da "ba komai" bai nuna mana aikin ganyen ba.

Akan duba raunin a rana ta 3, ta 7 da ta 14, wasu su ƙara ta 21. A kowace ranar dubawa akan kashe wasu dabbobin ba tare da azabtarwa ba don a ciro naman. In akwai rukuni 4, ranakun dubawa 3, ɓera 6 a kowane, an kai ɓera 72 ke nan. Mai ƙaramin kuɗi yakan rage zuwa biyu ko uku a rukuni, daga nan kuwa sakamakon ya zama sa'a: ɓera ɗaya mai saurin warkewa ya isa ya ɗaga rukuninsa duka. Naman da aka ciro akan jiƙa shi a ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na kwana ɗaya ko biyu, a narkar da taurin ƙashin da ke tare da shi (wannan yakan ɗauki makonni idan ana son naman kada ya lalace), a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi siriri ƙwarai, kimanin kashi 5 cikin 1000 na milimita, a rina, a duba a madubin likita. Ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini da sabbin hanyoyin jini, a auna tazarar da ta rage tsakanin gefen fata biyu, a duba yawan zaren kolajin da tsarinsa. Wajibi ne mai dubawar kada ya san daga wane rukuni kowane yanki ya fito. Ba zargin kowa ake yi ba. Ido yakan ga abin da zuciya take fata.

Babbar wahala kuma ita ce zaman maganin a wurin. Ɓera yana lashe duk abin da aka shafa masa cikin ɗan lokaci, miyau ya wanke sauran. Don haka ake kwaɓa maganin da abu mai danƙo irin su Orabase ko Carbopol, a shafa sau biyu ko uku a rana, a janye abinci da ruwa na kusan rabin awa zuwa awa ɗaya. Duk da haka wani kaso yana shiga ciki, kuma ɓera ba ya iya amai, abin da ya haɗiye ya zauna ke nan. To idan an ga sauƙi, daga shafawar ne ko daga haɗiyar? Kama dabbar a buɗe mata baki sau uku a rana shi ma takura ne, shi ya sa rukunin da ba a sa wa komai ba dole a kama su, a buɗe bakinsu daidai da sauran.

Me aka gano daga irin waɗannan gwaje-gwaje? Kulohezidin, wanda ake sayarwa a matsayin ruwan kuskure baki mai ƙarfin 0.12 ko 0.2 cikin 100, shi aka fi sani. Tun 1970 Harald Löe da abokin aikinsa suka nuna a Denmak cewa kuskure baki da shi sau biyu a rana yana hana dattin haƙori taruwa. Yana manne wa naman baki ya ci gaba da aiki har awanni da dama. Amma idan aka zuba shi kai tsaye a kan ƙwayoyin da ke saƙa nama a farantin ɗakin bincike, yana kashe su. A bakin dabba kuwa sakamakon ya bambanta: wasu sun ga ya taimaka domin ya rage ƙwayoyin cuta, wasu sun ga jinkiri, musamman da aka ƙara masa ƙarfi. Magani guda, amfani da cutarwa duk suna rataye a kan yawansa da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sa shi. Ga mutum kuma yana rina haƙori ya koma ruwan ƙasa, yana dusashe ɗanɗano, shi ya sa likitoci kan ce a tsaya bayan mako ɗaya ko biyu.

Jel ɗin hayaluronik, wanda sinadarinsa dama yana cikin naman jiki, yana riƙe ruwa yana sauƙaƙa wa ƙwayoyin halitta tafiya, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna yana ɗan gaggauta rufewa a makon farko. Man tirayamsinolon mai ƙarfin 0.1 cikin 100, da ake bayarwa don gyambon baki, yana kwantar da zafi da kumburi, amma dangin sitiroid ne, aikinsa danne garkuwar wurin, saboda haka bai dace da sabon yanka ko rauni mai ruɓa ba.

Zuma tana da dalilai na gaske: sukarinta mai yawa yana zuƙe ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami, kuma idan ta haɗu da danshi tana fitar da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan. Sai dai zumar asibiti an tsarkake ta da haske na musamman, ba ɗaya take da ta kwalbar bakin titi ba wadda mai yiwuwa an haɗa ta da narkakken sukari. Miyau yana tsinka ta nan da nan, yawan zamanta a kan haƙori yana jawo ruɓewa, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Man kanumfari yana kashe zafin haƙori, likitocin haƙori ma sun daɗe suna amfani da sinadarinsa, amma zallarsa a kan ɗanyen nama ƙuna yake yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro abin rufe raunin dasashi irin Coe-Pak wanda babu shi a ciki. Bagaruwa tana da sinadarin da ke tsuke nama, shi ne ma dalilin da majema ke jima da ita. Tana iya rage zubar jini, amma tsuke nama daban, gina sabon nama daban. Habbatus sauda, kurkum, darbejiya, asuwaki, da itacen goge baki irin na 'yan'uwanmu Yarabawa, duk an yi bincike a kansu ta fuskoki daban-daban, kuma sun cancanci a ci gaba. Abin lura shi ne mai bincike yakan tatso sinadarin da ruwan sinadari mai ƙarfi, ya busar, ya auna, ya kwaɓa kashi 5 ko 10 cikin 100 a jel. Wannan ba shi ne tafasasshen ganyen da aka ɗura a gorar ruwa aka bar shi a rana ba, ko da sunan itacen ɗaya ne.

Ko gwajin ya cika dukkan sharuɗɗa, ɓera ba mutum ba ne. Miyan ɓeraye yana ɗauke da sinadarin haɓaka fata mai yawa. Daga gaɓar da ke samar da miyau a jikin ƙaramin ɓera ne ma Stanley Cohen ya fara gano wannan sinadari a 1962, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1986. Miyan ɗan Adam kuma yana da wasu sinadaran kariya da babu su a na ɓera. Ƙwayoyin cutar bakinsu ba irin namu ba ne. Raunin gwaji tsabtatacce ne, an yi shi da ƙarfe mai kaifi a jikin matashiyar dabba mai ƙoshin lafiya. Mai sayen magani a Alaba Rago kuwa sau da yawa dattijo ne da dasashinsa ya shekara yana zubar da jini, dattin haƙori ya taurare ya zama kamar dutse a ƙarƙashinsa, mai yiwuwa yana shan taba ko yana da ciwon sukari bai sani ba. Masu bincike sun san haka, shi ya sa wasu ke sa wa ɓera ciwon sukari da gangan ta hanyar allurar da ke lalata ƙwayoyin samar da insulin, ko su ɗaura zaren siliki a wuyan haƙorin tauna har dasashin ya kumbura, sannan su gwada maganin. Irin wannan ya fi kusa da gaskiya, amma har yanzu matakin farko ne. Bayansa akwai gwajin guba, da gano adadin da ya dace, da gwaji a kan mutane da yardarsu, kuma abubuwa da yawa da suka yi kyau a ɓera a nan suke faɗuwa.

Lambar hukumar NAFDAC ma ana yi mata mummunar fahimta. Ga yawancin magungunan gargajiya, lambar tana nuna an duba cewa abin ba shi da guba bayyananna, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkarwa ba. A karanta takardar jikin kwalbar da kyau, sau da yawa an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Ga masu bincikenmu a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, da ta Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, da Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Yaba, da hukumar bunƙasa magungunan gargajiya da ke Victoria Island, roƙona shi ne a riƙa haɗa kai a yi gwaji ɗaya cikakke maimakon goma masu rauni. A faɗi inda aka samo ganyen da lokacin da aka tsinke shi, domin ƙarfinsa yana canjawa tsakanin rani da damina. A sa rukunin jel zalla. A buga sakamako ko da ya nuna maganin bai yi komai ba, don kada wani ya sake kashe dabbobi a kan tambayar da aka riga aka amsa. Ƙa'idar Russell da Burch ta 1959 tana nan daram: a maye gurbin dabba idan zai yiwu, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Ɓeran da ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa a cire shi daga gwajin. Addininmu ma ya wajabta kyautatawa ga dabba har a wajen yanka, balle a wajen neman ilimi.

Ga jama'a kuwa, akwai abubuwan da babu saɓani a kansu. Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona shi ya yi fari ya saɓule. Haka kanwa, da dakakkiyar tafarnuwa, da garin taba, da ruwan batir da wasu ke ɗigawa a ramin haƙori. Wanda aka cire wa haƙori ya cije audugar da aka sa masa kimanin rabin awa, kada ya kuskure baki ko ya riƙa tofar da miyau da ƙarfi a ranar farko, domin daskararren jinin nan shi ne murfin raunin, in ya fita ƙashi ya bayyana, zafin da zai biyo baya ya fi na haƙorin. Daga washegari ya riƙa kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri bayan cin abinci, ya kuma ajiye taba. Dasashin da ke zubar da jini a kowace safiya kankare taurarren datti yake buƙata a asibitin haƙori, babu jel ɗin da zai narkar da shi. Gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai shi likita ya gani, domin ciwon daji na baki haka yakan fara.

Yara kuma lamarinsu ya fi gaggawa. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ya rame, ko ya tashi daga ƙyanda, aka ga dasashinsa ya kumbura yana wari yana zubar da jini, wannan yana iya zama farkon cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta na asibiti, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da ita. A kai yaron asibiti a ranar, ba a jira a ga aikin abin shafawa ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Idi-Araba, Legas